Kwabon Ƙugun Najiba

Tun ranar riga-kafi a asibitin Malumfashi hankalin Raudatu bai kwanta da dattijon nan ba. Tana cire wa 'yarta Najiba riga za a ɗora ta a sikeli, shi kuma yana kan benci yana jiran ganin likita, sai ta ga ya kafe ƙugun yarinyar da ido. Abin da yake kallo kwabo ne irin na da, mai huji a tsakiya, wanda surukarta ta ɗaura wa jaririyar da zare ranar suna, maganin baki. Duk 'ya'yan gidan da shi aka yi goyonsu.

Bayan kwana huɗu sai ga mutumin a garinsu Dayi, zaune a zaurensu. Wa ya kwatanta masa gidan?

Mijinta Ɗanjuma ya shigo yana fara'a. "Malam Ubaidullahi ne, tsohon malamin makaranta. Tsofaffin kuɗi yake tarawa, da kan sarki na wasiƙa. Ki ga littafinsa, har da na bikin samun 'yancin kai! Wai kwabon nan da sunan wani sarkin Ingila aka buga shi, wanda ko shekara bai yi a mulki ba. Zai saya da daraja."

"Kuɗin da ko ƙuli-ƙuli ba ya saye? Maigida, me zai yi da shi?"

"Ajiyewa zai yi."

"Ajiyewa. Ya biyo jaririya tun daga Malumfashi don ya ajiye."

"Ke dai kawo, na riga na amsa masa."

Raudatu ta sha jin labarin masu neman abin da ya taɓa jikin yaro, gashi ko farce ko tsumma, su yi mugun aiki da shi. Wata tara kwabon nan yana shan zufar 'yarta. Amma ba za ta kunyata mijinta a gaban baƙo ba.

"To, ba ni ɗan lokaci."

Ta tsinke zaren ta jefa a murhu, ta tsaya har ya cinye. Ta matsa lemun tsami a toka, ta sa soson ƙarfe ta dirje kwabon ciki da waje, har cikin hujin. Sau uku tana ɗaurayewa. Sai da ya yi fari tas ta miƙa wa Ɗanjuma, ta bi bayansa ta laɓe a ƙofar zaure.

"Innalillahi!" in ji dattijon. "Wa ya yi wannan ɓarna? An kankare shi!"

"Wanke maka aka yi, Malam," in ji Ɗanjuma.

"Haba! Ai baƙin nan na jikinsa shi ne darajarsa. Shekara da shekaru yana taruwa a jikin mutane."

Raudatu ba ta san lokacin da magana ta kuɓuce mata ba. "Dattin kake so ke nan, Baba?"

"'Yata, ai shi muke nema. Yanzu kam ba shi da amfani a wurina."

Ya ajiye kwabon a tabarma, ya rungumi littafinsa ya fita yana girgiza kai.

Ɗanjuma ya shigo rai a ɓace. "Kin ga abin da kika ja mana?"

"Da kunnenka ka ji," ta ce. "Ba kwabon ya zo nema ba."

Ta ɗauko kwabon, ta murza sabon zare ta mayar da shi ƙugun Najiba, ta ja riga ta rufe.

"Allurar da ta rage kuma, a nan Dayi za a yi mata."