Gizagon Baba da Lissafin Kawu

Da idon Baba ya daina ganin kan ƙusa, sai ya ce 'ya'yansa biyu su raba kayan shagon kafinta tun yana da rai. Yaya abu ɗaya yake so, tsohon gizagon da ƙotarsa ta lotsa daidai tafin hannun Baba. Da shi ya koyi sana'a.

Aka baje kaya a kan benci. Auta, wanda gyaran waya yake yi, bai taɓa feƙe ko fensir ba, ya ce in ana ɗauka bi da bi, mai farawa ne zai riƙa kwashe na kirki. Nan Kawu, wanda aka kira ya shaida rabon, ya gyara tabarau. Yaya dai ya san halin Kawu da lissafi.

"Akwai tsarin da ba ya cutar kowa," in ji Kawu. "Kowane zagaye a rubuta lambarsa da sifili da ɗaya kaɗai, irin na kwamfuta. A ƙirga ɗaya-ɗayan da ke ciki. In cika ne, babba ya ɗauka. In mara ne, Auta."

"Kawu, guduma za mu raba, ba jarrabawa muka zo ba," in ji Yaya.

"Daga sifili ake farawa. Babu ɗaya a ciki, cika ke nan. Bismilla, ɗauki."

Yaya ya dubi gizagon. Ya dubi injin yankan katako, sabo fil, ga matarsa a bakin ƙofa ta kafe shi da ido. Wa zai kula wani tsohon ƙarfe? Zai same shi a zagaye na gaba. Ya dafa injin.

Zagaye na ɗaya mara ne, Auta ya ɗauki injin huda. Yaya ya miƙa hannu, Kawu ya buge shi.

"Biyu ana rubuta ta ɗaya da sifili. Ɗaya guda ne, mara. Auta kuma."

"Sau biyu a jere? Wane irin adalci ne wannan?"

"Shi ne adalcin! Kai ma naka biyun na tafe, a biyar da shida."

Auta ya zagaya bencin yana fito, ya ɗaga gizagon. "Wannan zai yi kyau a bangon shagona."

"A bango! Kai ko riƙe shi ka iya? Juya shi, sarkin kafintoci, bakin na kallon ƙafarka."

Kawu ya ci gaba da kiran lambobi har bencin ya zama wayam, yana murna rabo ya tashi daidai. Yaya bai musa ba. Ya auna ta kowace fuska, ba wanda ya zalunce shi, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya ja Auta gefe. "Karɓi injin, ba ni gizagon."

"Haba Yaya, a ce na cuce ka? Ai da kana so, da shi ka fara ɗauka."

Baba, daga kujerarsa, ya tambaya wa ya samu gizagon. Aka gaya masa.

"To," ya ce. "A dai riƙa shafa masa mai."