Ranar Sauke Ruwa

Mijina Dobri ya rasu cikin Fabrairu, ƙanƙara na kan rufin gida. Kwana tara da binne shi na ji bugun farko. Ina kicin da hantsi, na gama wanke tukunyar da na dafa alkamar sadaka, na rufe famfo, sai bango ya amsa: gam, gam, gam. Na tsaya da soso a hannu.

Shekara arba'in da ɗaya muka yi a gidan nan na garin Tryavna, kuma da haka yake kirana. In yana ɗakin ƙasa wajen ƙarafunansa ba ya ɗaga murya. Sifana yake ɗauka ya buga bututun ruwa sau uku, wato a kawo kofi. Ni kuma in buga sau ɗaya da cokali, wato ni ba baiwarka ba ce, hawo ka ɗauka. Daga baya dai in kai masa.

Ban ji tsoro ba. Kowa a nan ya san mamaci ba ya barin gidansa sai ya cika kwana arba'in, shi ya sa ake rufe madubi, a ajiye masa ruwa a bakin taga. Ni sai na ƙara masa da kofi.

Arba'in ta cika. Fadan cocinmu ya yi addu'a a bakin kabari, muka zuba ruwa, muka raba alkama, na dawo na yaye ƙyallen madubi. Da na wanke hannu na rufe famfo, sai ga bugun nan bai fasa ba. Kamata ya yi in damu, in ce mutumin nan bai samu kwanciya ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji.

A hankali na gane halinsa. In na rufe famfon sannu-sannu, shiru. In na rufe shi da ƙarfi, sai ya amsa. Na ce ai dama kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Sai na shiga buɗe ruwa ba don ina buƙata ba, in bar shi ya yi gudu, in datse. Sau goma a yini, wata rana fiye. In ba shi labarin farashin barkono a kasuwa, da ƙafata da ke kumburi, da wanda ya mutu a layinmu.

'Yata Nevena ta zo daga birnin Varna cikin Yuni. Washegarin zuwanta tana bakin ƙofar kicin ban sani ba, ta ji na ce wa bango, "Na ji, Dobri, bari ruwan ya tafasa." Ta janye kabad ɗin kwanuka, sai ga bango a jiƙe, fenti ya kumbura kamar ƙunar wuta. Da muka zauna cin abinci ta faɗa mini abin da ta yanke. Gida yana ruɓewa, ni kuma ina hira da bututu. A sayar da shi, in koma wurinta, hawa na biyar, akwai ɗaki. Na ce mata ko a makara sai an yi da gaske kafin a fitar da ni. Ta yi kuka, na yi kuka. Sannan ta kira baffanta Stamen, ƙanin Dobri, wanda ya yi aikin famfo har gwiwarsa ta hana shi.

Ya iso da jakar kayan aiki yana ɗingishi. Tun daga ƙofa ya fara.

"Matar yaya, an ce kin yi sabon miji a cikin bango. Ni ina nan ba mata, ba ki duba ni ba?"

"Ya fi ka amfani," na ce. "Shi in an kira yana amsawa."

Ya yi dariya, amma da ya ga jiƙar bangon sai ya daina. Ya yi ta yi mini tambayoyi kamar likita. Ƙarar tana zuwa ne lokacin da ruwan zafi ke gudu, ƙas-ƙas a hankali? Na ce a'a. Tana zuwa da kanta ba wanda ya taɓa komai? Na so in ce e, amma na faɗi gaskiya, sai an rufe famfo. Ya ɗora tafinsa a kan bututun, ya ce in rufe yadda na saba. Na datse. Na ga hannunsa ya girgiza sau uku.

Ya ce ruwa in yana gudu nauyi gare shi, kamar motar itace da ta taho gangara. In ka rufe mata ƙofa farat ɗaya, dole ta daki ƙofar, ta koma baya, ta sake duka. Dukan nan ne ya kwance ƙarfen da ke riƙe bututun a bango, shi ne kuma ya buɗe mahaɗar da ke yoyo. Ya tambaye ni sau nawa nake yi a yini. Nevena na tsaye, sai na ce sau biyu. Ya dube ni kawai.

Na ce to ya toshe yoyon, amma ya bar mini ƙarar.

"Ginka," ya ce, kuma rabon da ya kira sunana tun muna matasa, "ba za a iya ba. In na ɗaure yau, bugun zai sake buɗe shi. Kafin sanyi ya shigo zai fashe, ruwa ya cika miki gida. Ranar kuwa ba ni da bakin da zan hana yarinyar nan tafiya da ke."

Abin da ya ba shi mamaki, in ji shi, yadda gidan ya yi shekara arba'in bai taɓa wannan ƙara ba. Ya ce sai ya ga ɗakin ƙasa. Ban sake taka ɗakin nan ba tun da Dobri ya kwanta, ko kwalaben tumatir maƙwabciya nake roƙa ta ɗauko mini. Amma na bi shi, Nevena a bayana.

Komai na nan inda ya bar shi, har kofinsa mai tsagaggen baki. Stamen ya bi bututun da tocila har inda yake hawa zuwa kicin. A nan akwai wani guntun bututu, tsawon kamu biyu, a tsaye, an toshe kansa, ba ya zuwa ko'ina. Stamen ya ƙwanƙwasa shi da ƙumba ya ce, "Aikin yaya ne wannan." Ya ce iska ce ya kamata ta zauna a ciki, ita ce matashin da ruwa ke faɗawa a kai in an rufe famfo. Amma ruwa yana cinye iskar kaɗan-kaɗan, har guntun ya cika. Sai an kashe ruwan gida an zubar da wanda ke cikin bututu gaba ɗaya, sannan iska ta koma.

Ya haska gefe. Ga fensir a rataye da zare, ga shekaru a jere a jikin bango da rubutun Dobri, ɗaya ƙarƙashin ɗaya har kusa da ƙasa. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba na iya. Ta bara ba ta ciki.

Sai na zauna a kan buhun dankali. Kowace shekara, ranar bikin Waliyyi Dimitar, Dobri yakan kashe ruwan gidan nan ya buɗe kowane famfo, ya bar ni awa guda ba ɗigo, ni kuwa ga girkin baƙi a gabana. Kowace shekara sai mun yi faɗa. Ina kiran abin haukarsa ta Oktoba. Bai taɓa yi mini bayani ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Bara yana kwance, ba ya iya juyawa sai an juya shi, ya kama hannuna ya ce, "Ginka, yau ranar sauke ruwa ce." Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Na ja masa bargo na ce ya kwanta, ruwa ba zai gudu ba.

Ashe ba shi ne ke bugawa ba. Aikin da ya bari ne ba mai yi.

Stamen ya kai hannu ga babban makunnin ruwa, na ce ya dakata. Na hau sama ni kaɗai, na buɗe famfon kicin, na bar shi ya yi gudu, na datse. Gam, gam, gam. Na ɗauki cokali na buga sau ɗaya. Sannan na sauka na ce ya nuna mini, amma da hannuna zan yi.

Makunnin ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Na hau bene na buɗe famfon banɗaki, na buɗe na kicin, na fita na buɗe na lambu, wanda ya fi kowanne ƙasa. Bututu suka yi ta shaƙuwa har suka yi shiru. Kafin nan Stamen ya sake ɗaure mahaɗar, ya yanko guntun roba daga tsohon silifas ɗin Dobri ya cusa tsakanin bututu da bango, ya matse ƙarfen. Na rufe na lambu, na maido da ruwa a hankali. Famfon kicin ya yi tari, ya tofa ruwa mai tsatsa, sannan ya daidaita.

Suka ce in gwada. Na datse da dukan ƙarfina. Ba abin da ya amsa sai agogon bango.

Nevena ta rungume ni ta baya, ta daɗe ba ta sake ni ba. Ta kwana uku ta koma Varna. Ba ta sake ta da maganar hawa na biyar ba, sai dai ta sa baffanta ya yi alkawarin leƙo ni duk Lahadi, shi ma yana zuwa, ya cinye mini abinci ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Makonni na yi hannuna yana kai wa famfon nan da ƙarfi, in tsaya ina saurare. Yanzu a hankali nake rufe shi.

Da ranar Waliyyi Dimitar ta zagayo, na tari ruwan girki tun da safe, abin da ban taɓa yarda na yi ba yana da rai, don kada ya ce ya ci nasara. Na dafa kofi na sauka da shi. Na kashe ruwa, na zagaya na buɗe famfunan, na dawo na zauna a kujerarsa ina jin bututu suna zubar da cikinsu. Da suka yi shiru na ɗauki fensirin. Sai da na durƙusa, don wurin da ya rage yana can ƙasa. Lambobina sun karkace, ba su kai nasa kyau ba, amma ana iya karantawa.