Kwabo Mai Huji

Ban taɓa zaton ritaya za ta mai da ni bebe a majalisarmu ba. Muna zama ne bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji Faruk a Unguwar Dosa, benci biyu da tabarma ɗaya. Lokacin da nake aiki a hukumar ruwa, ina buɗe baki kowa zai yi tsit, don ni ne na san ranar da famfo zai kawo da ranar da zai ƙafe. Ina ajiye aiki labarina ya ƙare. In na fara magana sai wani ya ɗora tasa a kai, ba da mugunta ba, kawai dai ba a ji ni ba. Mutum da furfurarsa ba ya faɗin irin wannan, amma abin ya ci mini rai sosai.

A waya na fara ganin Turawa suna yawo a gonaki da wata sanda mai faifai a ƙasa. In ta yi kuka sai su durƙusa su tono tsohon kuɗi ko zobe. Na kalli ɗaya, na kalli goma, har Lami matata ta fara ƙorafin ina ƙarar mata da data. Ranar da na faɗa a majalisa cewa ina son irin na'urar nan, Yusha'u, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "To Malam Sharhabil, jari-bola za ka koma ke nan?" Aka kwashe da dariya.

Faruk kaɗai bai yi ba. Tun firamare muke tare da shi, shi ya riƙe mini kai ranar da aka binne mahaifina. Da aka watse ya ja ni gefe ya ce, "Rabu da su, mutumina. Akwai wani Habibu a Kinkinau mai sayar da kayan Beljiyam, na ga irinta a shagonsa. Gobe in kai ka."

Shagon Habibu cike yake da tsofaffin duwatsun guga da fanka da injin niƙa marasa murfi. Ya jawo na'urar daga bayan wani firji. An naɗe mariƙinta da salatif, faifan ya sha gurzuwa, abin sawa a kunne kuma gefe ɗaya kawai ke aiki. Ya sa mata batir, ya jefar da makullansa a ƙasa, ya wuce da ita ta kai, ta tsala ƙara.

"Ka ji ko, Baba? Lafiyarta ƙalau."

Na ce masa ni ba yaro ba ne. Makulli a kan siminti ko makaho zai same shi da ƙafa. Sai na gwada ta a ƙasa tukuna.

Faruk ya ce ai da sauƙi, yana da fili wajen Malali wanda tsofaffi ke cewa an taɓa cin kasuwa a wurin. Ya tsaya mini a wajen Habibu, muka sa ta a but ɗin motarsa.

Ruwa ya sauka kwana kaɗan kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Na fara shara da faifan dama da hagu kamar yadda na gani a waya. Kuka na farko murfin kwalba ne. Na biyu ƙusa. Na uku gwangwanin tumatir da ya ruɓe. Gumi ya jiƙa mini riga, na fara jin kunyar kaina. Faruk yana jingine da mota ya ce, "Gwada wajen dalbejiyar can mana." Na je. Kukan da ta yi a wurin daban ne, siriri, mai tsabta. Na durƙusa na tona da cokalin magina, sai ga abu zagayayye a cikin laka. Na goge shi da babban yatsa. Kwabo ne mai huji a tsakiya, irin na zamanin Turawa, da kambin sarki a jikinsa.

Na yi kabbara a fili, ni kaɗai a durƙushe. Ranar ko tayin kirki ban yi wa Habibu ba, na biya na ɗauko abata.

Da yamma kwabon ya zagaya majalisa hannu zuwa hannu. Wannan ya tambayi zurfin ramin, wancan ya ce in sake kwaikwayon kukan na'urar. Na yi bayani tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse ni. Har aka kira magariba ni ke magana. Na koma gida ina jin kamar an ƙara mini tsawo.

Lami da farko ba ta ɗauki abin da daraja ba. "Baban Umaima, da girmanka a gan ka kana tonon ƙasa a bakin hanya?" Amma ba a jima ba ta sauya. Ita ke dafa mini shayi a filas, ta wanke mini takalmin roba, ta tambaye ni, "Asabar ina za a nufa?" Ita kaɗai nake faɗa wa. A waya na koyi cewa mai nema ba ya bayyana wurinsa, don haka ko Faruk na daina gaya masa. Ni da kaina nake zaɓa: gindin tsofaffin mangwaro a Unguwar Rimi, bayan wata makaranta da ta rushe, wata hanyar shanu kusa da kogi. Ko'ina na je sai na tara murafen kwalba cike da aljihu, amma a ƙarshe ba na rasa kwabo ɗaya ko anini biyu, yawanci a gindin itace ko wajen wani dutse da ido ke faɗawa a kai. Na ɗauka basira ce. Har na fara koya wa 'yan majalisa cewa mutanen zamanin da a inuwa suke zama, shi ya sa kuɗinsu ke zubewa a gindin itace. Suna ta gyaɗa kai.

Wata safiya na ce bari in wanke tarin nawa da kyau, don Yusha'u ya ba da shawara a sa su a gilas a rataye. Na jiƙa su a ruwan lemon tsami, na goge da toka, na jera su a kan tire a tsakar gida. Sai na lura da abu. Kowane ɗaya ya ɗan lotsa a bakin hujin, ta fuska ɗaya, kamar an buga masa guduma. Kowane ɗaya da zoben tsatsa kewaye da hujin, alhali shi kansa kwabon ba ya tsatsa. Na ɗaga na Malali a rana, na ga ɗigon koren fenti a gefensa. Na ɗaga na Unguwar Rimi, koren fenti. Na bakin kogi ma haka, kore iri ɗaya.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da kafintocin zamanin da suke yi da kwabo mai huji bayan an daina karɓarsa. In za su buga kwanon rufi sai su zura ƙusa ta cikin hujin, kwabon ya danne kwano, ruwa ba zai bi ƙusar ya shiga ɗaki ba. Ni kuma rufi ɗaya na sani mai wannan koren, na tsohon gidan mahaifin Faruk. Bara aka kware shi aka sa sabo. Ina tsaye a wurin ana jefo kwanon ƙasa, Faruk yana bi yana zare kwabban daga ƙusoshi yana zubawa a gwangwanin madara.

Na daɗe zaune a kan kujerar tsugunno.

Bayan la'asar na tafi majalisa, na zazzage su a kan tabarma.

"Alhaji, ga kayan rufinka na kawo maka."

Sai Yusha'u ya fashe da dariya har yana dukan benci, sauran suka bi. Ba dariyar mamaki ba ce. Dariya ce ta mutanen da suka daɗe suna riƙe ta.

"Wallahi na ce sai ya gano!" in ji Yusha'u. Ya ciro waya ya miƙo mini. Ni ne a ciki, durƙushe a gindin dalbejiya, hulata ta karkace, ina ɗaga kwabo sama ina kabbara. Daga wajen motar aka ɗauka. An tura shi a wani guruf na waya da ba ni a ciki, ƙasansa fuskokin dariya jere.

Faruk ya taso ya kama hannuna. "Haba mutumina, kar ka ɗauka da zafi. Ganinka muka yi ka zama wani iri tun da ka bar aiki. Na ce bari mu faranta maka. Kai ma ka ga yadda ka warware."

"Shi kuma bidiyon, don a faranta wa wa?"

Ya kau da kai.

Na ce, "Na Malali na gane, kai ka kai ni. Unguwar Rimi fa? Bakin kogi fa? Ban gaya wa kowa a nan ba."

Ya saki hannuna, ya shiga gyara hularsa. Yusha'u ma ya daina dariya, ya mai da wayar aljihu. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da nake sallah sahu ɗaya da su, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Na sa takalmina na tafi.

Na tarar da Lami tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ɗago ta ce, "Yau da wuri haka?"

"Lami, Faruk yana kiran ki?"

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ba ta musa ba, ita ba ta iya ƙarya kai tsaye ba.

"Matarsa ce ke kira na. Tambaya kawai take yi ina za ka. Baban Umaima, ka manta yadda kake da? Ba ka ci, ba ka magana, kana zaune kana kallon bango. Ni na ga ka dawo mutum, shi ke nan."

Na so in yarda da ita, wallahi na so. Sai na ce, "Kin ga bidiyon?"

Ta sunkuyar da kai. Ta cije leɓe. Na ga kafaɗarta ta motsa sau ɗaya kafin ta danne, ta kai gefen zani ta rufe baki.

Na shige ɗaki.

Washegari na yi la'asar a masallacin bakin titi, inda ba wanda ya san sunana. Da aka sallame kowa ya kama gabansa. Na fito na tsaya a ƙofar masallacin riƙe da takalmina. Hanyar dama majalisa take kaiwa, ta hagu gida, kuma ban ga wadda zan iya bi ba.