Jan Irin Gyaɗa a Hawandawaki

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, Mushe Attahiru ya turo ɗalibansa uku daga babbar lakwal, wato makaranta, zuwa Hawandawaki: Rashida mai koyon aikin likita, Gazali na noma, Danda na dabbobi. Ya ce maki ɗaya zai ba su, in sun ci tare, in sun faɗi tare.

Rashida ba ta yarda da wannan tsari ba. A ganinta mazan nan jira suke ta yi wahala su sa suna. Shi ya sa da yara suka fara amai a garin, har ƙaramar Mairo, ɗiyar mai masaukinta, ta kwanta, ba ta gaya musu komai ba. Ta yi ta ba da magani, ciwon yana ƙaruwa.

Su ma mazan ba su sake da ita ba. In ta doso, Gazali sai ya ja bakin buhu ya ɗaure. Danda kuwa kullum yana bayan gari da fartanya. Rannan ta bi sawunsa, ta tarar yana binne akuya.

"Mi kake ɓoyo, Malam Danda?"

"Madmazel ta zama ɗan sanda? Awaki ke mutuwa. Na ƙi hwaɗi don kar ku ce ban iya aikina ba."

Sai ta ce, "Yara ma ba lahiya. Mairo ko ruwa ba ya zama cikinta."

Suka juyo tare wurin Gazali, su ga abin da shi ma yake ɓoyewa. Ya yi ta kame-kame, sannan ya kwance buhun. Irin gyaɗa ne da aka raba wa manoma, jajir da hodar kashe ƙwari.

"Iri na raguwa ba a shuka ba," in ji shi. "Ku nike zargi."

"Mu? Gyaɗa za mu ci ɗanya?" in ji Danda.

Nan Rashida ta tuna jan ruwan da uwar Mairo ke zubarwa a bakin turke. Mata sun ɗauka rini ne kawai. Wankewa suke su yi ƙuli-ƙuli, awaki su sha ruwan.

Kafin la'asar sun zagaye garin gida gida, Gazali na karɓar buhuna, Danda na kawar da kwatarniyar jan ruwan, ita tana duba yara. Da Mairo ta tashi ta nemi fura, Rashida ta kai wa mazan nasu kason. Ƙuli-ƙulin da aka haɗo musu da shi dai, su ukun kallonsa suka yi, babu wanda ya miƙa hannu.