Mahaucin da Maijidda Ta Zarga

To, Maijidda dai tarihi take karantawa a Guangzhou. Ta miƙa wa malaminta rubutu cewa wani mahauci ne ya yi ta kashe mata a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya, tunda jaridu bakwai sun faɗa.

Ranar Asabar ta raka Gwaggo Rabi sarin jakunkuna a kasuwar Shiling. A shago na biyar Gwaggo ta yi tsaki.

"Dubi karkataccen ɗinkin nan, 'yar nan. Duk mutum ɗaya suka kwaikwaya, har kuskurensa."

Nan take Maijidda ta tuna da rubutunta. Jaridun duk sun ce ranar Talata aka yi kisan farko, alhali takardar kotu ta ce Juma'a. Ashe su ma jarida ɗaya suka kwaikwaya.

"Gwaggo, na ɗora wa bawan Allah kisa, ga shi ba ya raye balle in nemi yafiyarsa."