Laimar Hassan

…kuma ai ban yi ƙarya ba. Ban buɗe baki na ce ni ne kai ba, Hassan. Shi ne ya faɗa. Ni dai shiru na yi. Shiru ƙarya ne? Ka tambayo min a can inda kake, ni malaman nan na kasa tambayarsu.

Ga ni a bakin lungunmu, kan bencin Awwal tela, ina jiran motar Ajidan Essomba — Ajidan ɗin muƙaminsa ne na soja. Ya ce da hantsi. Hantsi ya yi. An yi ruwa da asuba, jar ƙasar unguwarmu ta Briqueterie duk ta kama takalmina — takalminka ne, na ce nawa. Ƙafarmu ɗaya, to na wa ne? Rigar ma taka ce, mai aljihu a damtse. Hular ce dai na kasa sawa. Tana cikin leda a kan cinyata. Jar hula, ta sojan laima. Ni tawa ba ta taɓa zama ja ba.

Awwal ya buɗe shago. Ya gan ni, ya ɗan ja baya kafin ya yi sallama. Kullum haka. Kowa haka. Sai sun ja baya tukuna, sai sun tuna cewa mu biyu ne aka haifa, sannan a ce, “Baba Hussaini, ya ƙarin haƙuri?” Da godiya, na ce. Me zan ce? Mai suya, mai shayi, ladanin masallacinmu… duk wanda ya dube ni gawa yake gani tana tafiya. Dije, matarka, tana takaba a ɗakin baya. In ta ji tarina a tsakar gida sai ta saki labule. Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Tarin namu ma ɗaya ne. Rannan na yi sallama daga ƙofa, ta amsa da sauri, da irin muryar da take amsa maka… Sai kuka. Tun daga ranar nake shiga gidan ubanmu kamar ɓarawo, takalmi a hannu.

To ka ga, da na je filin nan Asabar ɗin da ta wuce —

Fili ne a bayan gari. Tsofaffin sojoji ne suka haɗa ƙungiya, suna hayar wani ƙaramin jirgi, mutane suna dirowa da laima don sha'awa kawai. Don sha'awa, Hassan! Har da mata. Na je ne in tambaya kamar kowane sabon shiga. Tun a cikin taksi nake shirya maganar da Faransanci: ni tsohon soja ne, direba, ban taɓa diro ba, ina so a koya min. Na maimaita ta, na gyara ta. Ban kai ga faɗarta ba.

“Assana!”

Essomba ne. Haka yake kiranka. Mutumin kudu ne, harshensa ba ya ɗaukar ha ɗin farkon sunan. Na san shi daga nesa tun a barikin Koutaba, abokin dirarka, ya daɗe a Douala bayan ritaya, labari bai kai masa ba. Ya taho a guje, ƙato da shi, da furfura, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Yana dariya. Yana dukan bayana. “Mon frère! Ɗan'uwana! Ka rame! Ina tumbin nan ya tafi?” Dariya, Hassan. Tun da muka rufe ka babu wanda ya kalli fuskar nan ya yi dariya. Na ji ɗumin mutum a ƙirjina, na ji warin man jirgi a rigarsa… na ce bari ya sake ni tukuna, sai in faɗa. Ya sake ni. Na ce bari ya gama nuna ni ga mutanensa. Ya gama. Na ce bari mu sha ruwa.

Har na dawo gida.

Inna, Allah ya jiƙanta, da tana nan da ta ja kunnena. Ko kuma naka, tunda ita ba ta ja wa ɗaya ta bar ɗaya. Ƙosai ɗaya in ya rage sai ta raba shi da farce. Yadi ɗaya, tela ɗaya, aski rana ɗaya. Kai ne da zazzaɓi, ni ma sai na sha maganin, ina kuka ina cewa lafiyata ƙalau, tana cewa buɗe baki, 'yan biyu ba a yi wa ɗaya abu a hana ɗaya. Haka muka tashi. Haka muka shiga soja, layi ɗaya, kai a gaba ni a baya. Sai wani kofur ya ce, wa ya iya mota? Ni da na yi yaron mota a kasuwar Etoudi, a motocin shanu. Na ɗaga hannu. Shi ke nan. Hannu kawai na ɗaga… aka ba ni sitiyari, aka ba ka sama. Soja ba su san dokar Inna ba.

Taksi ne wannan, ba shi ba ne. Farar a-kori-kura ya ce.

Ka san abin da ya ce min a filin? Sabon shiga, ko dai a ɗaure shi a ƙirjin malami su diro tare, ko ya yi makonni yana koyo a ƙasa. “Amma kai? Kai da ka koya min sauka? Asabar ka zo, ka fita a bayana, ina gefenka.” Yau ke nan. Yau, ni kaɗai, da laima a bayana. Ya nuna min ta zamani. Ba irin taku ba ce mai kama da faifai, wadda igiya ke buɗe muku ita daga jirgi. Wannan doguwa ce kamar katifa, kuma kai za ka ja ta da hannunka. Nan, a ƙugun dama. Ya nuna min wani abu kamar agogo, mai nuna nisanka da ƙasa. Ya nuna min mariƙai biyu a ƙirji, ja da fari, in ta farko ta ƙi buɗewa… wanne ake fara ja? Ya faɗa. Ya faɗa da sauri, kamar mai tuna wa liman Fatiha. Na gyaɗa kai irin yadda kake gyaɗawa, da ɗan turo leɓe. Ja ne farko? Fari?

Abin da na sani duka daga bakinka ne. Haɗe ƙafa. Lanƙwashe gwiwa. Kada ka kalli ƙasa, ka mirgina ta gefe. Makon nan kaf ina dirowa daga kan dakalin tankin ruwa. Matata Karimatu ta kama ni shekaranjiya, ina kwance a taɓo. “Malam, lafiya? A shekarunka?” Na ce santsi ne. Ta daɗe tana kallona. Matar da ta zauna da ni tun ina kurtu, ina zan ɓoye mata? Yau na ce mata Etoudi za ni, duba wata mota. Ta ce Allah ya kiyaye. Ta ƙara faɗa. Ba ta saba maimaitawa ba.

Ba mutuwa nake nema ba. Allah shaida, ba ita ba ce. Na san hukuncin wanda ya kai kansa. Ni dai…

A Koutaba nakan kashe mota a gefen filin sauka, in hau kan bonet, in sa hannu a goshi. Jirgi ya wuce, ya zubar da ku kamar an watsa gero. Sai laimomin su buɗe, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Duk kala ɗaya. Amma taka na san ta. Kana wutsil-wutsil da ƙafar hagu kamar mai tuƙa keke, tun muna yara haka kake yi in an ɗaga ka. In ka hau bayan mota, gumi, ciyawa a wuya, sai in ce, me ke can? Ka ce iska. In ce ban da iska. Ka ce sanyi. Sau ɗaya ne ka ba ni amsar gaske, muna cin rogo a gindin taya. Ka ce, “Shiru, ƙanena. In laima ta buɗe, jirgi ya tafi, akwai wani shiru a wurin. Ko a masallaci ban taɓa jin irinsa ba. In mun ajiye kaki zan kai ka.” Ƙanena! Don ka riga ni fitowa da abin da bai kai a sha kofin shayi ba.

Mun ajiye kakin. Ka ce bari damina ta wuce. Ka ce bari a aurar da 'yarka. Sai ƙafa ta fara kumbura. Mutumin da ya faɗo daga sama har ya daina ƙirgawa, ko targaɗe bai taɓa yi ba, sai ga shi a kan katifa, ƙarƙashin kwano mai yoyo, ƙoda ta tsaya. Kana kallon rufin ɗaki. Me kake gani a wurin? Ban tambaya ba. Ranar jana'iza ni na shiga kabari na karɓe ka. Aka miƙo ka daga sama, na tara hannu. Ba ka da nauyi. Na kwance ɗaurin likkafanin, na juya ka gabas, na ga fuskata. Aka miƙo min hannu aka ce fito. Na fito… ina jin na fito.

To rabona fa? An ba ka, ba a ba ni ba. Shirun nan nake so in ji, ko sau ɗaya. In tsaya a inda ka tsaya, in ga abin da ka gani. Wataƙila akwai sauranka a wurin. Na san babu. Na sani. Amma a nan ƙasa na duba ko'ina.

In na faɗa masa gaskiya, ai ba zai kore ni ba. Mutumin kirki ne. Zai cire hula. Zai ja baya, shi ma, kamar Awwal, kamar kowa. Zai yi min ta'aziyya da Faransanci, mes condoléances, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Sannan ya ɗaure ni a ƙirjinsa kamar goyo, ya diro da ni a hankali, yana tausayina har ƙasa. Zan samu laimar. Amma filin nan shi ne wuri na ƙarshe a duniya da kake da rai, Hassan. Can ana jiranka. Can an ajiye maka kujera, ana ba da labarin ranar da ka sauka a kan rumbun wata tsohuwa ta bi ka da muciya. In na buɗe baki, ni zan kashe ka a wurin. Da bakina.

In kuma ban faɗa ba… ƙofar jirgi a buɗe, iska, Essomba ya daki kafaɗata. Hannun nan da bai san komai ba sai giya da sitiyari. In ya tafi neman giya fa? In na fara juyawa kamar buhun da ya faɗo daga mota? Essomba zai biyo ni, na san zai biyo ni, don yana zaton kai ne. Yana da 'yan jikoki, ya nuna min hotonsu a waya. Ja ne farko. A'a. Fari…

Ga ta nan. Farar a-kori-kura, tana kauce wa masu babur, tana fantsala ruwa. Ya hango ni. Yana danna oda kamar motar biki. Na dafa bencin. Miƙe, Hussaini. Miƙe, ko wane ne kai.

“Assana! Para! Sojan laima! Taso, sama ta washe!”

Keken ɗinkin Awwal ya tsaya cak. Ban waiwaya ba, amma ina jin idonsa a ƙeyata. Mai shayi ma ya bar zuba ruwa. Duk lungun ya ji sunan. Ya Allah, kada iska ta kai shi ɗakin baya.

Na isa jikin motar. Na dafa ƙofa, ƙarfen da ɗumi. Ya miƙo hannu ta taga, ya kama wuyan hannuna, yana ta murmushi, yana leƙen lungun.

“Nan ne gidan naku? Dakata, ina ɗan'uwanka? Useni, direban nan! Rannan murna ta sa na manta ban tambaye ka ba. Kai da laimarka ba ta gama buɗewa sai ka fara neman motarsa a ƙasa, muna yi maka tsiya. Kira shi mana ya zo ya ɗauko mu. Yana nan lafiya?”

Kana nemana? Daga can? Ba ka taɓa faɗa ba. Duk shekarun nan ina zaton ni kaɗai ke kallo…

Injin yana kaɗawa. Hannunsa yana kan nawa. Yana jira.

Ɗayanmu ya rasu, Ajidan. Wannan kam dole in faɗa. Ɗayanmu ya rasu. Sai suna ya rage. Bakina a buɗe yake, Hassan, na gaji, wallahi na gaji… wanne zan ba shi?