Kwalaye a Igiyar Shanya

Ranar da Harisu ya fara rataye kwalaye a igiyar shanya, matarsa Mastura ta ɗauka jiƙewa suka yi yake so su bushe. Sai da ta matso ta ga kowanne da rubutu a jikinsa: haƙa rami, ɗaurin rodi, zuba kankare.

"Baban Bushra, ina kuma zan shanya kayan yarinyar nan?"

"Ki ba ni aron igiyoyin zuwa ƙarshen wata."

"Ƙarshen wata? Mu yi ta yawo da jiƙaƙƙun kaya ke nan?"

"To, ɗauki ta bakin famfo, ki bar mini sauran."

Harisu yana aiki da wani kamfanin gine-gine a Isolo. Ya daɗe aikinsa bai wuce tsayuwa a bakin ƙofar wurin gini ba, yana duba wanda ya zo da wanda ya makara. Da soja suka koma bariki, kwangilar gyaran hanya da kwalbati ta fara fitowa, sai kamfanin ya buɗe ofishin tsara aiki, inda ake yanke abin da za a fara, da abin da zai bi baya, da ranar da za a gama. Aka ɗora Harisu a kujerar na wucin gadi saboda yana da kan lissafi. Ogansa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce akwai jarrabawar da wata ƙungiyar ƙwararru za ta yi a ƙarshen wata. In ya samo takardar shaidarta, kujera tasa ce. In bai samo ba, akwai wani ɗan jami'a da ke jira, shi kuma sai ya koma bakin ƙofa cikin rana.

Kwamfutar ofis ɗaya ce, kuma da wuya ta zagayo kansa. Ɗakinsu na Agege kuwa, in aka shimfiɗa katifa, wurin ya ƙare. Shi ya sa ya fito tsakar gida. Kowane kwali aiki ɗaya ne. Ayyukan da dole wani ya jira wani, yakan jera su a igiya guda. Waɗanda za a iya yi a tare, kowanne da igiyarsa. Igiyar da ta fi cika, ita ke faɗin ranar gamawa.

Duk wannan ya gane shi. Abin da ya hana shi sakat wata tsohuwar tambaya ce cikin takardun da wani abokin aiki ya ara masa, masu amsa a baya amma babu bayanin yadda aka kai ga amsar. Tambayar a kan ginin kwalbati biyu ce. Ta fara da dogon labari, sunan kamfani da inda hanyar take da kayan da ke wurin. Harisu yakan tsallake wannan surutu ya faɗa kan lambobi. Ya yi ta da safe, ya yi ta bayan la'asar, ya sauke kwalayen ya sake jerawa. Kullum aikinsa na ƙarewa da wuri fiye da na amsar. Kuma an gaya masa irin wannan tambaya ita ke ɗauke da maki mafi tsoka.

Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, ba a ɓoye komai. Wadda ta fi kowa tsayawa kallo ita ce Gwaggo Laraba, dattijuwar ɗakin ƙarshe, wadda babu biki ko suna a layin da za a yi ba ita ce kan girki ba. Ba ta karatun boko, amma takan tsaya da buta a hannu tana bin igiyoyin da ido.

"Injiniya, wai wannan layun na mene ne?"

"Ba layu ba ne, Gwaggo. Aiki ne nake jerawa."

"Me ya sa wannan ke nan, wancan yana can shi kaɗai? Faɗa suka yi?"

"Ba ruwan wannan da wancan. Ana iya yin su lokaci guda."

"Abi? To kowane aiki ana iya rataye shi haka?"

"Kowane aiki."

Ta dubi kwalayen suna kaɗawa. Sannan ta ce, "To rataya mana sunan jaririn Habiba mu gani."

Habiba matar Ɗan'azumi ce, maƙwabcinsu mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Ta haihu, suna ya faɗo ranar Asabar, mako guda kafin jarrabawa. Harisu ya so ya ce ba shi da lokaci, amma abin ya ja hankalinsa. Bai taɓa jera aikin da zai gani da idonsa daga farko har ƙarshe ba. Ya yayyanka kwalin sabulu, ya zauna a kan turmi, Gwaggo na lissafa masa yana rubutawa. Ɗauko nama daga mahauta. Markaɗen kayan miya. Dafa nama da miya. Dafa shinkafa. Suyar waina. Kowanne ta faɗa masa kimanin tsawon lokacin da yake ɗauka.

"Da yaushe kuke farawa?" ya tambaya.

"Tun kafin asuba mun ɗora nama."

"Don me? Shinkafa tana jiran nama ne?"

"Wane irin jira? Farar shinkafa ce, miya daban."

"To ai shi ke nan." Ya maƙala nama a igiya ɗaya, shinkafa a ta kusa da ita. "Ku yi su tare. Ku yi barcinku, sai an gama raɗin suna an watse ku hura wuta. Kafin azahar komai ya sauka."

Gwaggo ta dubi igiya ta farko, ta dubi ta biyu, ta dube shi.

"Biyu ke nan," ta ce.

"Biyu."

"Ka tabbata za a samu?"

"Gwaggo, aikina ke nan."

"To madalla. Kai, boko da daɗi."

Labari ya zaga gidan cewa bana ba mai tashin duhu, Injiniya ya tsara. Ɗan'azumi ya zo ya tsaya gaban igiyoyin hannu a baya, ya ce shi dai abin da ya sani mutanensa na kasuwa za su iso bayan azahar, kuma ba su san wasa da ciki ba.

Ranar Asabar aka yi raɗin suna, aka raba goro da alewa, maza suka watse. Rana ta ɗaga. Mata suka fito da hantsi fuska a sake, suna tsokanar juna da cewa yau sun zama matan oga. Aka jera duwatsun murhu biyu a bayan gida, aka kawo itace. Samari suka mirgino babbar tukunyar ƙarfe ta ƙungiyar matan layin, wadda mutum zai iya zama a cikinta. Aka ɗora ta a murhu na farko. Gwaggo ta ɗaura ɗamara, ta juyo.

"Oya, Injiniya, ina taka?"

"Tawa me?"

"Tukunyar."

"Wace tukunya?"

Gwaggo ta nuna igiyoyin da ludayi. "Ba igiya biyu ka ɗaura ba? Na ce biyu, ka ce biyu. Na ce za a samu, ka ce aikinka ne. Na ɗauka a kamfaninku za ka aro mana."

"Ni na ɗauka kuna da su."

"Layin nan kaf tukunyar biki ɗaya ce. Don me kake tsammani muke tashi da duhu? Son sanyi?"

Wata daga cikin matan ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Mastura ta rufe baki da gefen mayafi ta juya baya. Aka tura mai okada layin gaba neman aro, ya dawo ya ce tasu tana Ikorodu wurin wani biki.

Harisu ya tsaya yana kallon murhu na biyu, duwatsu uku da itace a tsakani, babu komai a kai. Kunya ta kama shi, amma wani abu ya fi kunyar ƙarfi, yana ta motsi a kansa. Ya tafi wurin igiyoyin ya cire kwalin shinkafa, ya maƙala shi a bayan na nama, igiya ɗaya. Nan take igiyar ta yi tsawo har ta wuce azahar.

"Gwaggo, me ke nan da bai buƙatar tukunyar?"

"Waina. Tandarta daban."

"To a fara ta yanzu, a kan murhun nan da ke zaune. In baƙi sun zo, ita za a fara ba su. A wanke shinkafa tun yanzu, a tafasa ruwanta a ƙananan tukwane, nama na sauka a juye."

"Wannan ko ba kwali na sani," in ji Gwaggo, amma tana murmushi. "Zo ka kama mini itacen nan, tunda kai ka ba mu barci."

Ya tuɓe rigar suna ya durƙusa yana hura wuta, hayaƙi na shiga masa ido. Mutanen Mile 12 suka sauko daga motar haya ta danfo bayan azahar kamar yadda aka faɗa. Aka tare su da waina da ɗan romo. Suka cinye, suka zauna suna kallon ƙofar bayan gida. Shinkafa ba ta fito ba sai da aka kira la'asar.

"Malam Harisu," in ji Ɗan'azumi yana miƙa masa faranti, "in hanya za ka gina mana haka, ka gaya mini tun yau in sayi jaki."

Harisu ya karɓi farantin ya ajiye bai ci ba. Ya shiga ɗaki da hannunsa baƙi ƙirin, ya jawo takardun, ya buɗe tambayar kwalbati. Wannan karon ya fara daga layin farko, ya karanta surutun nan da ya saba tsallakewa, yana bi da yatsa. Sunan kamfani. Inda hanyar take. Yawan leburori. Can wajen ƙarshe, a tsakiyar jimla, an ce kamfanin na da injin kwaɓa kankare guda ɗaya. Yatsansa ya bar tabon gawayi a daidai wurin.

Shi kuwa duk kwanakin nan yana zuba kankaren kwalbati biyu a lokaci guda, a igiya biyu.

Ya fito tsakar gida, baƙi na cin abinci a kan tabarmi, ya sauke kwalayen suna ya mayar da na kwalbati. Ya haɗa zubin kankare biyun a igiya ɗaya, ɗaya na jiran ɗaya. Ya ƙirga. Ya juya bayan takarda ya duba amsa. Ya sake ƙirgawa.

"Ta yi?" in ji Mastura daga bakin ƙofa.

"Ta yi."

"To sai ka ci abinci. Ya huce."

Sauran kwanakin ya bi tsofaffin tambayoyin daga farko, yana neman irin wannan jimla a cikin kowacce. Ashe suna nan da yawa, a ɓoye cikin labari. A wata tambayar motar ɗaukar yashi ce ɗaya, a wata kuma kafinta ne guda.

An yi jarrabawar a wani zauren makaranta a Ikeja, fanka na juyawa a hankali. Na kusa da shi suka fara zana layuka tun kafin a gama raba takarda. Harisu ya je kan babbar tambayar, ya ajiye biro, ya karanta labarin. Gini ne mai ɓangare biyu. Injin kwaɓa kankare, guda biyu. Ya sake duba lambar, don ya zo da shirin samun ɗaya. Ya ci gaba da karatu bai tsallake ba. A layin ƙarshe aka ce mutum ɗaya ne kawai a wurin ya iya tuƙa injin. Ya ɗauki biro.

Da ya dawo gida da yamma, ya tarar igiyoyin duk sun cika da kayan Bushra da zannuwa, kwalayensa a tare cikin leda a bakin ƙofa. Gwaggo Laraba na zaune tana tsince wake.

"Injiniya, an fito? Tukunya nawa suka ba ka?"

"Biyu, Gwaggo. Amma mai girkin ɗaya ce."

"To ai duk ɗaya ne. Ka sa ta tashi da duhu?"

"Na sa ta."

Sakamako ya fito bayan ruwa ya ɗauke. Bai ci da yawa ba, amma ya ci. Oga ya duba takardar gaba da baya, ya ce a kawo wa Harisu makullin ofis nasa na kansa, sannan ya tura masa sabon aiki, gyaran wata hanya a Ijora, ya ce yana son ranar gamawa kafin a tashi.

Harisu ya jawo kujera ya zauna. Kafin ya buɗe fayil ɗin ya ɗaga kai ya ce, "Oga, injinmu nawa ne ke da lafiya?"